Manomin Tudu da Manomin Tsibiri

Ran nan muna cikin darasin labarin ƙasa, aka ba mu labarin wani tsibiri a Tekun Atlantika, sunansa Lanzarote, inda mutane su ke noma alhali kuwa ba su da kogi ko ɗaya, ruwan saman da su ke samu kuma da ƙyar ya ke kai inci 6 a shekara. Muka yi ta mamaki. Har wani daga cikinmu ya ce lalle waɗannan mutane sun fi namu hikima, gama namu manoma ba su san kome ba sai abin da suka tarar kakanninsu suna yi. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ni mutumin Balan ne, cikin ƙasar Gaya, wajen mil 40 gabas da birnin Kano, a gona kuwa na buɗe ido. Sabo da haka na ga ya kamata in rubuta abin da na sani game da noman tudu irin namu, in gwada shi da na mutanen tsibiran nan, mu ga ko abokina ya yi gaskiya. Ba don gardama na ke yi ba. Mafi yawanmu malaman makarantun ƙauye za mu zama, za a danƙa mana lambun makaranta da 'ya'yan manoma. In muka fita da rainin aikin iyayensu a zuciyarmu, to, rainin za mu koya musu, ko mun nufa ko ba mu nufa ba.

Bari mu fara da tsibirin. Lanzarote yana cikin Tsibiran Kanari, waɗanda ke ƙarƙashin mulkin Sifen, wajen mil 80 daga gaɓar Maroko. A shekarar 1730 duwatsu masu aman wuta suka fashe a cikinsa, suka yi ta amai har 1736, suka binne ƙauyuka da gonaki mafi kyau, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin duka. Da wuta ta lafa, mutanen da suka rage suka lura da wani abu: tsiron da baƙar tsakuwar dutsen ta rufe wa gindi ya fi sauran jimirin fari. Daga nan suka shiga haƙa ramuka masu faɗin baki kamar kwano, faɗin wani ya kai ƙafa 10, suna ratsa tsakuwar har su tarar da ƙasar asali a ƙarƙashi. A cikin kowane rami su dasa inabi guda ɗaya tak, sa'an nan su jera duwatsu a bakin ramin kamar jinjirin wata, ta wajen da iska ke bugowa. Mutanen wurin suna cewa tsakuwar tana kama raɓar dare. Abin da masu bincike suka tabbatar shi ne, tana barin ruwa ya shige ƙasa da sauri, tana kuma hana rana da iska su tsotse laimar. Wurin da aka fi yin wannan noma sunansa La Geriya. A wani sashin tsibirin mai rairayi kuma suna shuka dankali da kankana, suna kafa ɗan shingen kara tsakanin layuka domin tare iska. Da raƙuma su ke huɗa a zamanin da.

To, ku lura da abin da mutanen nan suka yi. Ba su ƙara ruwan sama ko ɗigo ɗaya ba. Abin da ya sauka shi suka tsare, suka hana shi gudu, suka hana shi tashi. Yanzu sai mu koma gida.

Kogin da ya bi ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗejiya yana ratsawa ta arewa da mu, mutanen bakinsa suna da fadama, suna noman rani, da da jigo, yanzu da injin ban ruwa. Amma wanda gonarsa ke kan tudu, mil biyar ko goma daga kogin, ba abin da kogin ya tsinana masa. Shi da mutumin tsibiri duk ɗaya ne: wancan ruwan gishiri ya kewaye shi, ba ya shayuwa, wannan kuwa rani ya kewaye shi, wata bakwai ko takwas ba ɗigo. Gaskiya ne ruwanmu ya fi nasu yawa nesa, gama a shekara madaidaiciya ƙasar Kano ta kan sami inci 30 da 'yan kai. Amma duk a cikin wata huɗu ya ke zuba, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasarmu kuwa jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, ranar bazara kuma ba sai na faɗa muku zafinta ba. Abin da ya fi wannan wuya shi ne, ba wanda ya san ranar da ruwan zai fara, ko ranar da zai ɗauke, ko zai yi hutu a tsakiya. Ilmin manomin tudu duka a kan wannan rashin sani aka gina shi. Ba tambayar yaya za a sami amfani mafi yawa a shekara mai albarka ya ke amsawa ba. Tambayarsa ita ce, yaya za a yi gida ya kai baɗi ko da shekara ta ƙi.

Malamai masu hisabi suna lissafa shekara da taurari 28, kowace tauraruwa kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, watau kwana 365 ke nan. Bakwai daga ciki su ne na damina: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Wannan lissafi da rana ya ke tafiya, ba da wata ba, shi ya sa ya ke wa manomi amfani, tun da watannin Musulunci suna zagayawa cikin shekara. Duk da haka ban taɓa ganin tsohon da ya yi shuka don tauraruwa ta kama kaɗai ba. In an yi ruwa da dare, da asuba zai tafi gona ya tona ƙasa da hannu. In laima ta kai tsawon tafin hannu ko fiye, ya kira yara da sungumi. In ba ta kai ba, ya ce yayyafi ne, a dakata.

Akwai kuma binne, watau a shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, iri ya kwanta yana jira. Caca ce, ba shakka. In ruwan fari ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, geronsa ya tsira tun maƙwabta suna neman sungumi. In yayyafi aka yi, iri ya tsira ya ƙone, ko tsuntsaye da ɓeraye su tone shi. Amma ku duba irin abin da a ke binnewa. Ƙwayar gero ƙarama ce, mudu ɗaya ya kan shuke fili mai yawa, hasararsa ba ta karya gida. Ba za ku ga mai hankali ya binne gyaɗa ba. Kuma ba gona duka a kan binne ba, sai wani sashi.

Yanzu mun zo ga abin da baƙo ya fi raina mana, ni kuwa a ganina shi ne gindin hikimar duka, watau haɗa iri-iri cikin gona ɗaya. Wanda ya saba ganin hotunan gonakin Turai, alkama zalla har iyakar gani, in ya shiga gonar Balan cikin watan Agusta sai ya ce hargitsi ne: ga gero, ga dawa, ga wake yana yaɗo a ƙarƙashi, ga gyaɗa, ga yakuwa da rama a kan iyaka, ga kuɓewa da kabewa wajen bukka. Amma kowane yana da lokacinsa da dalilinsa. Gero a ke fara shukawa da ruwan fari, da tazara mai yawa. Bayan mako biyu ko uku, in ruwa ya zauna, a sa dawa a tsakani. Wake sai can cikin Yuli ko farkon Agusta, bayan an yi noman fari. Inda gyaɗa ko wake su ne manyan amfanin gonar, a kan yi kunyoyi dominsu, sa'an nan a ratsa su da layukan hatsi jefi-jefi ta kan kunyoyin, shi ne a ke kira gicci.

Gero ya kan nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka. Shi ne mai fid da gida daga yunwar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aiki kuwa ya yi yawa. Ko ruwa ya ɗauke da wuri, ya riga ya tsere. Da an yanke shi an kwantar da karan, sai fili ya buɗe wa dawa da wake, su sami rana da sauran laimar ƙasa. Dawa kuwa, farfara ko kaura, tana zaune har Nuwamba, saiwarta tana bin laima can ƙasa. In damina ta yi tsawo, ita ce mai cika rumbu. Watau manomi ya shuka ɗaya domin gajeriyar damina, ɗaya domin doguwa, tun da bai san wadda za ta zo ba.

Akwai wani abin mamaki game da dawarmu ta gargajiya, wanda masu bincike a Samaru ta Zariya suka bayyana tun shekarun 1960. Ko an shuka ta da wuri ko a makare, kusan lokaci ɗaya ta ke fid da kai, daidai ƙarshen damina na ƙasar da ta saba da ita. Dalili kuwa, ba kwanakin da ta yi a ƙasa ta ke ƙirgawa ba, tsawon yini ta ke ji. Sai yini ya fara gajarta ta ke yin ciki. Amfanin wannan babba ne. Da za ta fid da kai tsakiyar marka, da zangarniya ta yi fumfuna. Da za ta makara ƙwarai, da laima ta ƙare kafin ƙwaya ta cika. Wa ya koya mata wannan? Ikon Allah ne, ta hannun manoman da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaɓen zangarniya mafi kyau kowace kaka su ajiye don iri. Shi ya sa dawar Zariya ba ta yin kyau a Gaya, ta Gaya kuma ba ta yi a Zariya. Wanda ya ce mutanen nan ba su san kome ba sai abin da suka tarar, sai ya tuna abin da suka tarar ɗin ma aikin gwaji ne na shekaru aru-aru.

Wake ma iri biyu a kan haɗa. Ɗan ila mai saurin nuna ne, don ƙwaya a ke shuka shi. Kanannado kuwa mai yaɗo ne, yana daɗewa har bayan an girbe hatsi, ƙwayarsa manya, amma rabin darajarsa a harawa ta ke. In kun tumɓuke wake ko gyaɗa kuka duba saiwar, za ku ga waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. A cikinsu akwai halittu ƙanana da ido ba ya gani, masu ɗaukar wani abincin tsiro daga iska, wanda a ke kira naitirojin, shi ne kuma abin da a ke saye a cikin buhun yuriya. Tsohon manomi bai san sunan ba, amma ya san inda wake ya kwana hatsi ya kan yi kyau baɗi. Wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya yi shekaru yana auna gonakin ƙauyukan Zariya, ya buga sakamakon a 1974. Ya tarar gona mai haɗe-haɗe ta fi ta iri ɗaya kawo amfani a eka guda, kuma amfaninta bai cika hawa da sauka ba daga shekara zuwa shekara.

Ni kaina sai da na sha kunya kafin in yarda. Sa'ad da aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata makarantar ƙauye, aka ba ni lambu, na sa yara muka ja igiya muka shuka masara zalla, layi-layi, gwanin sha'awa. Wani dattijo mai gona a bayan shinge ya leƙo ya ce, "Malam, ba ka sa mata 'yar rakiya ba?" Na ce, "Baba, ai noman zamani ke nan." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Masara na shirin fid da gemu ruwa ya ɗauke kwana goma sha. Abin da muka samu bai cika kwando biyu ba. Dattijon nan kuwa ya yanke geronsa, har ya aiko mini da tumu.

Sai batun taki. A yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma, in gona ta gaji a kan bar ta ta huta shekaru, a sari sabon daji. A kewayen Kano kuwa mutane sun yi yawa tun da daɗewa, ba dajin da za a sara, gona ɗaya a ke nomawa kowace shekara, uba ya bar wa ɗa. Bisa ga lissafin littafi, ya kamata ƙasar ta mutu tuntuni. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a jami'o'in Zariya da Kano, ya rasu a 2017, ya yi shekaru da yawa yana binciken dalilin da ya sa ba ta mutu ba. Amsar ba ɓoyayya ba ce ga ɗan ƙauye. Da kaka a kwashe harawar wake da ta gyaɗa a ɗora bisa itace ko rufin ɗaki, a tara kara. Tumaki da awaki su ci, da damina kuma a ɗaure su ke a gida, ana yanko musu ciyawar da aka nome. Kashinsu da tokar murhu da sharar gida su taru a juji. Da bazara a ɗora wa jaki mangala, ko a loda a amalanke, a kai gona a zuba tsibi-tsibi. Mai hali kuma ya yi shawara da Fulani su kwana da shanu a gonarsa da rani, ya ba su hatsi. Kome ya fita daga gona, ban da abin da aka ci ko aka sayar, yana komawa cikinta. Har ƙurar hunturu da mu ke kuka da ita, wadda iska ke kwasowa daga hamadar Cadi, an auna an ga tana ƙara wa ƙasa ɗan abinci. Taki kuma ba abinci kaɗai ya ke ba tsiro ba. Jigawar da ta sha taki ta fi riƙe ruwa, watau aikin da baƙar tsakuwa ke yi wa mutumin Lanzarote, wani sashinsa juji ke yi mana. Da ya ke takin ba ya isa gona duka, a kan zuba wa wani gefe bana, wani gefe baɗi, ko a riƙa sa shi ɗan kaɗan a gindin shuka.

Itatuwan gona kuwa ba tsirowa suka yi aka rasa gatarin sare su ba. Zaɓe aka yi. Kuka don miya, ɗorawa don kalwa da garinta, tsamiya don kunu, ga kanya da ɗinya da aduwa. Amma sarkinsu wajen manomi shi ne gawo, mai saɓa wa sauran itatuwa: da damina ya kaɓe ganyensa, da rani ya yi kore. Sabo da haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne daidai lokacin da a ke bukata, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a tsakiyar rani, su kuwa dabbobin in sun taru a inuwarsa su bar nasu takin. Kowa ya ga yadda gero ke yin duhu a ƙarƙashin gawo ya san ba tatsuniya ba ce. Itatuwan nan har wa yau suna rage ƙarfin iskar farkon damina, wadda ke kwasar rairayi ta binne ƙaramar shuka. Su ne jeren duwatsunmu.

Bayan girbi sai ajiya. Hatsi a zangarniyarsa a ke ɗaure shi dami-dami a zuba a rumbu, ba a sussuke ba, don haka ya fi jimirin ƙwari, gero ya kan shekara biyu ko uku bai lalace ba. Rumbun kuma a kan duwatsu a ke ɗora shi sabo da gara da laima. Wake, da ya ke ƙwari sun fi son sa, a kan cuɗe shi da toka ko yashi ko barkono. Daga 2007 aka fara yaɗa buhu mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙago, wanda ke toshe wa ƙwarin iska su mutu ba tare da magani ba. Wannan sabon abu ne mai kyau, manoma kuwa ba su ƙi shi ba, abin da ke nuna ba sabo su ke gudu ba, hasara su ke gudu. Tun a masussuka a ke fid da zakka, dami ɗaya cikin goma ga amfanin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi. A gidaje da yawa kuma maigida ya kan liƙe babban rumbu bayan kaka, ba a buɗewa sai an fara noma. Samari su tafi cin rani birni ko kudu, bakin ci ya ragu, su komo da kuɗin taki. Mata su yi ta busar da kuka da kuɓewa da rama da zogale. In abin ya yi tsanani a koma ga tafasa da yaɗiya. A arewa da mu, wajen Daura da Damagaram, har anza a ke ci, bayan an jiƙa ta kwanaki ana zubar da ruwan don ɗaci ya fita. Yaron da bai san ganyayen nan ba, ya rasa wani ilmi da ya rayar da kakanninsa.

Kada ku ce na mai da noman gargajiya maganin kowace cuta. Akwai shekarun da suka fi ƙarfinsa. Ruwa ya ƙi a 1913, yunwar da ta biyo baya a 1914, wadda a ke kira Kakalaba, ta kashe mutane masu yawan gaske a ƙasar Kano. Ta zo kuwa jim kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ga haraji da kuɗi. An yi 'Yar Buhu a 1927. A 1973 ruwan da Kano ta samu wajen rabin na kullum ne, dabbobi suka mutu, aka sake shan wuya a 1984. A 1975 kuma cutar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta shafe amfanin shekara, noman gyaɗar bai koma yadda ya ke ba, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. Wanda ya dogara ga gyaɗa kaɗai a shekarar nan ya ji jiki fiye da mai gicci.

A nan ne labarin waɗansu tsibiran ya ke da amfani gare mu. Kabo Berde tsibirai ne busassu, wajen mil 350 yamma da Senegal, Fotugal ta mallake su har 1975. Mutanensu ma suna yin binne, suna haɗa hatsi da wake a rami ɗaya, in fari ya yi su ma su kan bazu duniya neman abinci, har yau waɗanda ke waje sun fi na gida yawa. Amma abincinsu na yau da kullum masara ne, wadda aka kawo daga Amurka, ita kuwa ba ta jimirin ƙishirwa kamar gero. Ga shi ba inda za su taka da ƙafa su je, teku ta tare ko'ina. Sabo da haka a zamanin da, in ruwa ya ƙi shekara biyu ko uku a jere, sai mutuwa. Yunwar 1941 zuwa 1943 da ta 1947 zuwa 1948 sun hallaka dubban mutane. Na kawo wannan ne don na ga masara tana ta cin filin gero da dawa a ƙasashenmu, sabo da tana ba da buhu da yawa in ta sami ruwa da takin zamani. A fadama da ƙasashen kudu da Kano ba laifi. A jigawar Gaya da Ajingi kuwa, ina ganin wanda ya kori gero daga gonarsa don masara ya sayar da garkuwarsa.

Wahalar da ke gabanmu yanzu ta wuce fari kaɗai. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, gonaki kuwa sai ƙanƙancewa su ke yi da rabon gado. Juji ba ya isa, takin zamani ya yi tsada, ƙuduji kuma, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, yana yaɗuwa a duk inda ƙasa ta gaji, yana tsotse saiwar hatsi tun bai fito fili ba. Dabarar da za ta taimaka ba dole daga nesa za ta zo ba. A 1989 waɗansu manoma daga Illela ta ƙasar Tawa a Nijar suka ziyarci Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda a ke haƙa 'yan ramuka a ƙasar da ta mutu ta yi tauri, a zuba taki a ciki tun da rani, ruwa ya taru a nan, a shuka gero. Suka komo gida suka yi, suna kiran ramukan tassa, har fako ya koma gona ana saye da sayarwa. Ramin Lanzarote ke nan, sai dai ƙarami. A ƙasar Maraɗi kuma, tun daga wajen 1984, manoma suka daina tumɓuke tohon kututture a lokacin sassabe, suna barin reshe ɗaya ko biyu su girma. An ƙiyasta filin da itatuwa suka komo ta wannan hanya a kudancin Nijar ya kai hekta miliyan 5, ba tare da an dasa ba. Tassa ta fi dacewa da ƙasa mai tauri, a rairayinmu ramin zai rufta, amma barin toho ba abin da zai hana mu.

Ga abin da na ke roƙon 'yan'uwana da malamanmu. A hutun nan kowa ya sami wani dattijo a garinsu, ya bi shi gona da littafin rubutu, ya zana taswirar gonar, ya rubuta sunan kowane iri da kowane itace da ke cikinta, da lokacin shuka, da dalilin da mai gonar ya bayar da bakinsa. In mun komo mu haɗa, mu ga bambancin Gaya da Katsina da Zariya. Sa'an nan in an yardar mana, mu raba wani fili a lambun kwaleji gida biyu daidai, taki ɗaya, aiki ɗaya, a sa masara zalla a ɗaya, a sa gero da dawa da wake a ɗayan, mu kafa ma'aunin ruwan sama a tsakani, da kaka mu auna da mudu, har da harawa da kara. Shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba, sai mu bar wa 'yan ajin da ke bayanmu littafin su ci gaba. Ni dai na riga na aika gida a ɗebo mini ɗan ila da kanannado mudu guda-guda. Wanda ke da irin geron garinsu ya taho da shi kafin ruwan fari.